Muryar da Ta Sallami Yaya

Yaya ta daina ɗaukar wayata. Ba toshe lambata ta yi ba, ina ma toshewar ta yi, da na san an rufe min ƙofa na huta. A'a, kiran yana shiga, ya yi ta ƙara har ya gaji ya katse don kansa. In na tura saƙo a rubuce sai ta amsa: "Lafiya lau. A gaida yara." Shi ke nan fa. Matar da a da sai kunnena ya yi zafi kafin mu ajiye waya.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba ni ce auta. Tun ina goye a bayanta take kirana Rediyo, wai bakina ba ya hutawa sai in an ɗauke wuta. Kuma ita ta sama min aiki a inda take. Kamfanin yana sayar da firij da firiza da injin wanki, mu kuma muna wani dogon ɗaki a saman bene muna amsa wayar masu ƙorafi. Tebura ne a jere an raba su da katako, kowa da kwamfutarsa da abin sawa a kunne mai 'yar sandar magana a gefen baki. In ka shigo da safe sai ka ji ɗakin yana ta zuuu, mata da maza kowa yana ba wani haƙuri.

Teburin Yaya na bakin taga, da wani matashi mai fure-fure da ta ɗinka wa kujerarta saboda ciwon baya. A gefenta na koyi aikin. Ranar farko wani ya zazzage ni tas saboda namansa ya ruɓe a firiza, na cire abin kunnen na ce ni ba zan iya ba, ubana ma bai taɓa yi min haka ba. Yaya ta mayar min da shi a kai da hannunta.

"Ba ke yake zagi ba, naman yake zagi," in ji ta. "Ki yi murmushi. Ana jin murmushi a waya."

Ita kam gwana ce. Duk wanda ya gagari kowa ita ake miƙa wa. Za ta bar shi ya yi ta ruwan bala'i har ya huce, sannan ta ce masa a hankali, "Kwantar da hankalinka, ina nan tare da kai har mu ga ƙarshen abin nan." Wallahi na sha jin ƙato ya shigo yana cewa sai ya ƙona kamfani, ya fita yana sa mata albarka. Dukanmu mun ari wannan maganar, amma a bakinta ta fi zama.

Ana nan sai Manaja ya shigo da wasu injiniyoyi daga wani kamfani, masu ƙananan riguna da manyan tabarau. Suka yi ta yawo a bayanmu suna saurare. Aka ce wata na'ura za a kawo da za ta riƙa amsa waya bayan an tashi aiki, don mu riƙa komawa gida da wuri, kuma ana neman muryar da za a sa mata. Duk ɗakin nan, ni suka zaɓa.

Kai, kaina ya kumbura. Ba zan ɓoye ba, har tafiyata sai da ta canja. Doguwa, wadda teburinta ke bayan nawa, ta ce, "To in abin nan ya iya magana, mu me za mu yi?" Na ce mata ta nemi maganin hassada tun bai zama mata ciwo ba.

Aka sa ni a wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ko numfashinka ba ya dawo maka. Suka riƙa nuna min maganganu a allo ina karantawa, maganganu marasa kai da gindi. Akuya ta hau rufin mota. Ranar Talata za a yi ruwa. Su ce in yi dariya, in yi. Su ce in ba da haƙuri, in bayar. Su ce in yi tambaya kamar na damu. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ina ruwan mai firiza da akuya, ya ce ba kalmomin suke so ba, yadda nake furta su suke so, daga nan na'urar za ta iya faɗin komai da muryata. Abin da za ta faɗa kuwa, in ji shi, daga tsofaffin kiraye-kirayenmu da aka naɗa take koya. Na ce madalla, ko a jikina.

Kullum in na fito, maƙogwarona a bushe, sai in tarar Yaya ta ajiye min ruwan ɗumi da zuma a ɗan fulas ɗinta. Ta fi ni murna. Har masu gadi sai da ta gaya wa cewa Rediyonsu ta zama rediyon gaske.

Da na'urar ta fara aiki, ba a bayan tashi ta tsaya ba. Ta karɓi safe, ta karɓi rana. Wayoyinmu suka yi sanyi, muka koma hira da kallon taga. Manaja yana wucewa yana cewa mu huta, mun sha wahala. Mu kuma muka huta, sakarkaru.

Ranar da abin ya faru muna ɗakin Inna, mahaifiyarmu, da yamma, ranar da ba aiki. Ɗakin ƙarami ne, fanka tana ƙara fiye da iskar da take bayarwa, 'ya'yana da na Yaya sun cika tabarma. Ina zaune ina ɓare lemo sai wayar Yaya ta yi ƙara. Ta duba ta ga lambar kamfani, ta kara a kunne, sai na ga fuskarta ta washe.

"Ku zo ku ji Rediyo!" Ta danna lasifika ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma.

Sai ga muryata ta cika ɗakin, tana gaisuwa, tana tambayar gida da iyali. Yara suka hau tsalle suna tafi, ga Anti a waya ga Anti a zaune. Inna ta dubi wayar, ta dubi bakina da ke cike da lemo, ta ce, "Ikon Allah!" Ni kuwa baki har kunne. Muryar ta kira cikakken sunan Yaya, sunan da ni tunda nake ban taɓa iya furta shi a gabanta ba. Yara suka ƙara fashewa da dariya, Yaya ta nuna ni da yatsa ta ce, "Lallai yarinyar nan kin riƙa."

Daga nan muryar ta ce kamfani ya sake tsarin aiki. Ta ce ana godiya da hidimar da aka yi shekara da shekaru. Ta ce daga ƙarshen wata ba a buƙatar Yaya ta ƙara zuwa. Kuma duk da murmushi ta faɗa, wannan murmushin da ake ji a waya, har da 'yar dariyar nan da nake yi a ƙarshen magana in ina so mutum ya saki jiki.

Yaya ta sunkuya kan wayar. "Me kika ce?"

"Kwantar da hankalinki," in ji muryata, "ina nan tare da ke har mu ga ƙarshen abin nan."

Yara suka daina tsalle. Ƙaramar 'yar Yaya ta ci gaba da tafi ita kaɗai, ba ta gane ba, sai da yayanta ya riƙe mata hannu. Inna ta juyo gare ni.

"Auta, me kika ce wa 'yar'uwarki?"

"Ba ni ba ce, Inna."

"To wa?"

Na ajiye lemon da ke hannuna. Yaya ta miƙa hannu ta kashe wayar. Sai na lura kowa ya zuba wa tawa wayar ido, tana nan a gefen ƙafata kusa da ɓawon lemo. Ni ma na zuba mata ido. Wallahi ban taɓa roƙon Allah abu da zuciya ɗaya kamar yadda na roƙe shi wayar nan ta yi ƙara ba, a kore ni ni ma, mu yi kukan tare. Muka jira. Ba ta yi ƙara ba. Kunya ta rufe ni, na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ta miƙe ta gyara mayafinta, ta tattara yaranta, ta durƙusa ta yi wa Inna sallama. Da ta zo wucewa ta gabana ba ta harare ni ba, ba ta yi tsaki ba. Da ma ta mare ni, da na fi samun sauƙi.

Da aka koma aiki ban ko ajiye jaka ba na faɗa ofishin Manaja. Na yi ta masifa har muryata ta dushe, shi kuma yana zaune yana juya biro. Da na gama ya ce ai don mutunta ma'aikata aka yi haka, ana so duk waɗanda aka sallama su ji a lokaci guda kada wani ya ji a bakin wani, kuma an ga cewa muryar da suka saba da ita za ta fi yi musu laushi. Laushi! Na ce to ni me ya sa aka bar ni, bayan kowa ya san ko rabin Yaya ban kai ba a aikin nan?

"Ai dole a bar ki," in ji shi, kamar yana ba ni albishir. "In na'ura ta kasa ta miƙo kira ga mutum, ba ma so kwastoma ya ji murya ta canja."

Na tsaya ina kallonsa. Ashe ba don na iya aka bar ni ba, don ina kama da na'urar ne. Na so in jefa masa katin shiga ofis in fice, har na kai hannu wuya na kama igiyarsa. Amma maigidana mai ɗaukar hoto ne, shagonsa ya daɗe a rufe tunda kowa ya koma ɗaukar kansa da waya, yanzu 'yan buge-buge yake yi. Na saki igiyar na koma teburina.

Bayan ƙarshen wata aka kwashe teburan, aka mayar da dogon ɗakin wurin ajiye kwalaye. Ni aka bar min lungu ɗaya, da wasu samari can ƙarshe masu lura da na'urar, su ko gaisuwar kirki ba su iya ba. Doguwa ta zo ɗaukar kofinta da takalmin da take ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ta tsaya a kaina ta ce, "Na samo maganin hassadar, ina sha safe da yamma." Ban iya ɗago kai ba. Yaya ba ta zo ɗaukar komai ba. Matashinta ya yi kwanaki a kan kujera a bakin taga, ina gani ina kau da kai, har wani mai shara ya tafi da shi.

Tun daga nan nake kira ba ta ɗauka.

Maigidana ya gaji da ganina ina danna waya ina ajiyewa. "Wai ke ba ki da ƙafa ne? Gidan Yayar taki a wata duniya yake? Ki tashi ki je mana."

Na je ɗin. Na hau mota har layinsu, na tsaya a kwana wajen shagon mai aski. Daga nan na hango an rubuta a jikin ƙofarta da fenti cewa ana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Ashe firizar da ta saya a kamfani tun da daɗewa ita ta zama abin dogaro. Ina tsaye ta fito da zanin aikin gida, ta rungumo wata ƙatuwar kula tana tafiya a karkace, ta ɗora wa wani mai babur, ta dafe bayanta da hannu biyu ta miƙe a hankali. Ni kuma ga ni da rigar kamfani a guge, da kati a wuya. Mai aski ya leƙo ya ce, "Hajiya, wa ake nema?" Na ce ɓatan hanya na yi. Na juya na hau motar da ta fara tsayawa, ban ma tambayi inda za ta ba.

Na kai ƙara wajen Inna, wai ko za ta sa baki. Ta bar ni na gama surutuna tana tsintar shinkafa a faranti.

"Ba fushi take da ke ba," in ji ta. "Na tambaye ta. Ta ce ta san ba ke kika yi ba. Muryar ce ba ta iya ji, da ta ji gabanta yake faɗuwa."

"To in yi yaya, Inna? In canja maƙogwaro?"

"Ki je ki zauna kusa da ita. Ba sai kin yi magana ba."

Ni? In zauna in yi shiru? Na ce to, zan je. Na sa rana, ranar ta zo na ɗaga. Na sake sawa na sake ɗagawa. Kullum da dalilina, yau yaro ba lafiya, gobe ruwa ya tare ni, kuma na san duk ƙarya nake wa kaina. Ba na iya haɗa ido da ita ne kawai.

Aikin kuwa ya zama wani iri. Na'ura tana cinye masu sauƙi, sai wanda ya kai wuya take miƙo min, kuma da wuya a fara maganar firij kafin a yi shari'ar ko ni mutum ce. Don ita in aka tambaye ta ba ta cewa e ba ta cewa a'a, sai ta ce, "Ni ce nan, ina jin ka." Wani tsoho ya ce sai na yi atishawa zai yarda. Na ƙirƙiro na yi masa, ya ce wannan ta ƙarya ce, na ce, Baba, ai ta gaskiya ba a yin ta da oda. Wata mata ta tambaye ni abin da na karya da shi, da na ce shayi da burodi ta ce haka duk injina suke cewa. Da farko abin yana ba ni dariya. Daga baya ya daina.

Jiya da rana tsaka, ana zafin nan da ko fankar ofis wuta take hurawa, kira ya faɗo kunnena. Na dubi allo na ga lambar da ko a barci aka tashe ni zan karanto ta. A ƙarƙashinta na'ura ta rubuta min bayaninta kamar kullum: firiza ta daina sanyi, kwastoma a fusace take, ta ƙi sauraro, tana neman mutum.

Yaya ce. Kafin in ce komai ta fara, muryarta a dushe, da ji ta daɗe tana fama.

"Na ce ki haɗa ni da mutum. Ƙanƙarata ta narke tas, ruwa har ƙofar ɗaki, masu saye sun zo sun koma. Sau nawa zan faɗa? Na kashe na kunna, na duba soket, na duba komai, ni na koya wa mutane wannan tambayar. Ba na son jin muryar nan. Don Allah ki ba ni mutum."

Tunda abin ya faru ban ji ta yi magana mai tsawon haka ba. Na rufe idona.

"Yaya," na ce. "Ni ce."

Shiru.

"Yaya, wallahi ni ce. Rediyo ce."

Ba ta amsa ba, amma ba ta kashe ba. Ina jin ɗakinta a kunnena, ruwa yana ɗiga a bokiti, wani yaro yana jan tsumma a ƙasa, can nesa ana buga ƙofa ana tambayar ko akwai ƙanƙara. Ina jin numfashinta. Ta ja shi ta riƙe, irin na wanda magana ta zo masa baki. Hawaye suka cika min ido. Abin da zan ce mata ya yi yawa, na rasa ta inda zan kama.

Sai ta ce a hankali, "Auta?"

Da na amsa da na'am kawai, ko da na fashe da kuka, da ya wadatar. Amma na kasa, shirun ya ƙara tsawo. A aikinmu kuwa ba a barin shiru a layi. In ya wuce 'yan numfashi akwai wata jar fitila a gefen allo da take fara ƙiftawa, kuma shekarun da na yi a kujerar nan jikina ya riga ya saba, fitilar na ƙiftawa bakina yake buɗewa tun kafin kaina ya sani. Ta ƙifta. Kumatuna suka ɗaga da kansu, hawaye na zuba a kai, na ji muryata ta fita sumul, da zaƙinta da komai.

"Na gode da haƙurinki, Malama. Har yanzu kina tare da ni?"

Na toshe bakina da hannu, amma ta riga ta fita.

Yaya ta saki numfashin da ta riƙe. Ta yi wata 'yar dariya busasshiya, ba ta fushi ba.

"Har cewa Yaya suka koya miki," in ji ta. "Har Rediyo." Sannan ta ce, ba da ni take ba, da wani a ɗakin take ko da kanta, "Allah sarki ƙanwata. Ba su bar mata komai ba."

Layin ya katse. Kafin in cire abin daga kaina wani kiran ya faɗo, wani mutum ne injin wankinsa ya ƙi juyawa. Na gaishe shi, na tambayi gida da iyali. Muryata ko rawa ba ta yi ba.